Karanta Kano da Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi kan Ɗaukar Hoton Birni

Na daɗe ina yawo da kyamara a lungunan cikin badala, wato tsohon birnin Kano da ganuwa ta kewaye, kuma kusan duk fitar da zan yi sai wani matashi ya tare ni da tambaya. Wasu ɗalibai ne masu karatun tarihi ko zanen gine-gine, wasu kuwa sha'awa ce kawai ta ɗauke su. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da amsoshin da nake bayarwa. Da Kano na yi misali domin ita na sani ciki da bai, amma mutumin Zariya ko Katsina ko Damagaram zai iya ɗaukar yawancin maganar ya kai garinsu.

Me hoto zai nuna mini wanda littafin tarihi bai riga ya faɗa ba?

Littafi zai gaya maka cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12, cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da har yau ake kira da sunansa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata ka san shi kafin ka fita. Sai dai littafi ba zai nuna maka kaurin bangon zaure ba, ko yadda gwiwar mutane ta goge dakalin ƙofar gida har ya yi santsi, ko yadda lungu yake lanƙwasa ta yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gidan kowa ba. Waɗannan abubuwa ba wanda ya damu ya rubuta su, saboda kowa yana ganinsu kullum. Ranar da aka wayi gari babu su, a ranar ake fara neman wanda ya ɗauka.

Akwai wani zaure da na ɗauka a wata unguwa bayan Kurmi. An zana masa dagi a saman ƙofa, ruwan damina ya cinye gefe guda na zanen, ɗaya gefen yana nan daram. Dattijon gidan yana zaune kan buzu, carbi a hannu, ya ce kakansa ne ya sa aka yi zanen shekarar da ya dawo daga Makka. Bayan damina biyu na koma da hoton a wanke don in ba shi. Na tarar da shaguna uku na bulo da ƙofofin ƙarfe a wurin. Dattijon ya rasu, an raba gado, an sayar. Jikansa ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wallahi Malam, ko ɗaya ba mu da shi.” Tun daga ranar ban ƙara wuce zauren ƙasa na ce sai wani jiƙon ba.

Waya kawai gare ni. Ta isa?

Ta isa. Ka goge gilashinta da gefen riga kafin kowane ɗauka, musamman da hunturu. Ka guji janyo hoto da yatsu biyu, ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Idan gini za ka ɗauka, riƙe wayar a miƙe daidai ƙirji, domin da zarar ka karkata ta sama bango zai fito kamar zai faɗi ta baya. A cikin lungu ma waya ta fi babbar kyamara sauƙi, don ba ta tara maka jama'a.

Daga ina ya kamata in fara?

Hau Dala da sassafe. Daga can ne za ka gane yadda garin ya zauna: Gwauron Dutse ta yamma, hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a da koriyar ƙubbarsa, Gidan Rumfa a gefensa, da rufin gidaje iya ganinka. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya hau dutsen a 1851 ya zana garin da hannu. A zanensa gidajen soro ne da bukkoki da itatuwa da filaye a cikin ganuwa. Kai kuwa kwano za ka gani da tankunan ruwa da turakun sadarwa. Ka ɗauki duk kusurwa huɗu, ko da wata ba ta burge ka ba, ka kuma lura da inda ka tsaya don ka iya komawa daidai wurin baɗi.

In ka sauko, ka bi ta Kurmi. Kada ka yi gaggawar ɗauka. Ka fara zagayawa hannu a aljihu, ka ga layin 'yan sirdi da linzami, na 'yan turare, na masu littattafai, na dukawa. Daga nan ka wuce Gidan Makama, wanda yanzu gidan adana kayan tarihi ne, ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da rufin ɗakunan, ka ƙarasa marinar Ƙofar Mata. Wannan zagaye na yini guda ne, kuma kowane baƙo yana yin sa.

Aikin gaske yana farawa ne ranar da ka zaɓi unguwa ɗaya ka lizimce ta. Sunayen unguwannin Kano kansu tarihi ne a buɗe. Dandalin Turawa yana tuna Larabawan Arewacin Afirka da suka zauna don fatauci tun kafin zuwan Nasara. Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi ta Yarbawa, kowacce tana faɗin daga ina mutanenta suka taso. Sharifai tana da alaƙa da zuwan Shehu Magili, malamin nan na Arewacin Afirka, a zamanin Rumfa. Soron Ɗinki da Dukawa sana'a suke faɗa. Ka ɗauki ɗaya, ka yi wata uku kana zuwa, har yara su daina bin ka, har mai shayi ya san yadda kake shan naka. A lokacin ne za a fara cewa, “Zo ka ga wani tsohon soro a cikin gidanmu.”

Me zan duba a jikin ginin ƙasa? Ni duk iri ɗaya nake ganinsu.

Saboda ba a nuna maka ba ne. Nemi bangon da ya tsage ko ya zube gefe, ka leƙa cikinsa. Za ka ga tubali, curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, an jera shi gindi ƙasa kai sama, an cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Wannan kauri shi ke sa ɗaki ya yi sanyi da rana tsaka a watan bazara, ya kuma riƙe ɗumi da daren hunturu.

Shiga zaure ka ɗaga kai. Itacen da aka jera a rufi azara ce, daga giginya ake tsaga ta, kuma an zaɓe ta ne don gara ba ta cika cin ta ba. Tsawon azara yana da iyaka, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo, wato su ɗaure azara gaɓa-gaɓa daga bango biyu tana lanƙwasowa har ta haɗu a tsakiya, a lulluɓe ta da ƙasa. Idan bakan gizo da yawa suka haɗu a tsakiyar rufi, galibi za ka ga an manna tasa ko faranti a mahaɗar. Ka kwanta rigingine a kan tabarma ka ɗauki wannan, da izinin mai gida. Hoto ne da mutane kaɗan suke da shi.

A waje kuma ga zanko, ƙahonnin nan da ke tsaye a kusurwar soro. Ga indararo da ke zubar da ruwan rufi nesa da bango. Ga makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa a shafe bango don ruwa ya zame. Sai zanen fuskar gida, wanda ya fi komai jan ido: dagi, takobi, allo, kuma a ƙarni na 20 magina a Kano da Zariya sun riƙa saka keke da mota da jirgin sama. Wanda ya sa aka zana keke a ƙofar gidansa yana gaya wa unguwa wani abu game da kansa da zamaninsa, kuma zanen zai taimaka maka ka kintaci shekarun ginin.

Kowane gini ka ba shi aƙalla hoto uku: ɗaya daga nesa tare da maƙwabtansa, ɗaya na fuskarsa gaba da gaba, ɗaya na kusa sosai har a ga sawun yatsun mai yaɓe. In da hali, mutum ya tsaya a gefe don a gane tsawo.

Wane lokaci ne haske ya fi kyau?

Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A lokutan nan rana tana bugun bango ta gefe, zane ya fito da inuwarsa, jar ƙasa ta yi jawur. Da azahar komai yakan baje, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Hazon hunturu yana ɓoye nesa, saboda haka ba lokacin hawa Dala ba ne, amma yana tausasa haske a lungu, fuskokin mutane su fito da kyau. Washegarin ruwan sama kuwa iska ta wanku, daga Dala kana hango har bayan gari.

Yaya zan yi da mutane? Wasu ba sa son a ɗauke su.

Suna da gaskiya, kuma haƙƙinsu ne. Sallama ita ce farko, kyamara tana cikin jaka. Ka gaisa da dattawan da ke zaune, ka tsuguna in manya ne, ka faɗi sunanka da unguwarku da abin da ya kawo ka. “Baba, ina ɗaukar tsofaffin gine-gine ne don ajiyar tarihi, ko za a ba ni izini in ɗauki zauren nan?” Sau da yawa amsar ita ce, “Bismilla, ɗana,” har a ƙara maka da labarin da ba ka tambaya ba. In za ka daɗe kana aiki a unguwa, ka je ka gaida mai unguwa tun ranar farko. Ranar da wani ya tare ka da faɗa, sunan mai unguwa ne zai raba ku.

Zaure iyaka ne. Namiji baƙo ba ya wuce shi sai an ce ya shigo, kuma ko an ce, ba a ɗaukar matan gida sai da yardarsu da ta mai gidan. A nan 'yan'uwanmu mata masu ɗaukar hoto suke da damar da mu ba mu da ita. Tsakar gida, madafa, rumbu, rijiya, jeren kwalla da tasoshi a ɗakin tsohuwa, rabin tarihin ginin Hausa yana can ciki, kuma kusan duk hotunan da ake da su na waje ne. Ina roƙon 'yan mata masu wannan sha'awa su fara da ɗakin kakarsu.

Abu guda da nake ƙi da zuciya ɗaya shi ne ɗaukar almajirai da mabarata a matsayin kayan ado na hoto. Yaro mai kwano a hannu ɗan wani ne, kuma bai san inda hotonsa zai kai ba. In makarantar allo kake so, ka nemi malamin, ka zauna, ka ɗauki karatu a matsayin karatu.

A marina da wasu wuraren da baƙi suka saba zuwa, akan nemi ɗan abin goro kafin a ɗauka. Ka bayar da daɗin rai, ko ka sayi ƙyalle ɗaya. Mutumin da ya yini hannunsa cikin baba bai zauna don kai ba. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike da filin jirgin sama kuwa, ka mayar da waya aljihu. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi ma yana buƙatar izinin hukuma, kada ka tashe shi a kan gidajen mutane.

Ba a ce hoto haramun ne ba?

Malamai sun yi saɓani a kan hoton mai rai da aka ɗauka da kyamara, kuma kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Hoton gini da bango da itace da kasuwar da babu fuskar kowa, ban taɓa jin wanda ya hana ba. In dattijo ya ce shi ba ya hoto, ka ce “Allah ya ba da haƙuri, Baba,” ka roƙi izinin ɗaukar ginin kaɗai.

Hawan Sallah fa? Ai nan ne Kano take fitowa sosai.

Tana fitowa, kuma a 2024 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya hawan cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, Hawan Nassarawa, Hawan Ɗorayi, Hawan Fanisau, duk abin kallo ne. Sai dai dubban mutane suna ɗaukar sarki da 'yan lifidi da masu jahi a rana guda, daga wuri guda. Naka hoton zai zama ɗaya cikin dubu. In kana son abin da zai yi amfani nan gaba, ka je gidan wani hakimi da asuba, ka ga yadda ake wanke doki, ake ɗaura masa jalala da sirdi, yadda ake naɗa wa yaro rawani karo na farko yana ta zumuɗi. Ka je Kurmi mako biyu kafin Sallah wajen masu gyaran kayan doki. Sannan a ranar hawa ka juya wa dawakin baya sau ɗaya, ka ɗauki jama'ar da ke kan katanga da rufin shaguna.

Ganuwar ma ai ta kusa ƙarewa. Me ya rage a ɗauka?

Wannan tambaya tana sosa mini rai, domin akwai gaskiya a cikinta. An ɗebi ƙasar ganuwa an yi gini, an yanka ta filoti-filoti, wani wurin ta zama juji. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin gari daga cikinsu ana ta cike su ana ɗora shaguna, ruwan da suke tarewa da damina kuma yana komawa cikin gidaje. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata. Yawancin ƙofofin da kake wucewa ta cikinsu a yau, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Mata, Ƙofar Kabuga da sauransu, sababbin gini ne da suka gaji tsohon suna.

To wannan ɗin shi za ka ɗauka. Guntun ganuwa da gidan bulo a kansa hoto ne na gaskiya game da Kano ta yau. Ka bi layin ganuwar da ƙafa daga wata ƙofa zuwa wata, ka ɗauki hoto duk bayan taku ɗari, ko akwai tudu ko babu. Ka rubuta abin da ya maye wurin: gareji, makaranta, masallaci, gidan mai. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO don a duba yiwuwar sanya su cikin wuraren tarihi na duniya, kuma duk mai son ya yi magana a kanta gaban hukuma, da hujjar ido zai fi ƙarfi. Gani ya kori ji.

Gadojin sama da manyan kantuna su ma tarihi ne?

Ƙwarai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a lokacin shi ne sabon abu, ya jawo Sabon Gari da kantunan Kwari da cinikin gyaɗa. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta yau, a zamaninta tarin buhuna ne da ke jiran jirgi, leburori suna hawa da kaya a ka. Ta ɓace, hoto ne ya rage. Haka wata rana za a nemi hoton adaidaita sahu a ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa. Ka ɗauki Fagge, ka ɗauki cocin Sabon Gari da benayenta masu baranda, tsofaffin gidajen Turawa a Nassarawa da Bompai, tashar jirgin ƙasa, allunan shaguna da aka rubuta da fenti. Wanda ya tsaya a cikin badala kaɗai ya ɗauki rabin Kano ne.

Ina zan ga tsofaffin hotunan garin, kuma yaya zan amfana da su?

Gidan Makama yana da su a bango. Akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ginin kansa ya cancanci yini guda. A Kaduna akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Amma ka riƙa tuna wanda ya riƙe kyamarar. Yawancin hotunan farko, tun daga shigowar sojojin Ingila a Fabrairun 1903, Turawa ne suka ɗauka, kuma abin da ya ba su mamaki ko ya yi wa mulkinsu amfani suka ɗauka: ganuwa, sarki, kasuwa, raƙuma. Ba kasafai suke rubuta sunan talakan da ke cikin hoton ba.

Ma'ajiyar da ta fi kowacce girma tana cikin akwatunan iyayenmu. Hoton aure, na suna, na tafiya Makka, na gama makaranta. Ka daina kallon fuskar kawunka na ɗan lokaci, ka kalli bayansa. Wane irin bango ne? Akwai turken lantarki? Wace mota ce a gefe? Ka zauna da Hajiya ta faɗa maka wane ne wane, ka rubuta da fensir a bayan hoton tun tana da rai da tunani.

In ka samu tsohon hoton wani wuri da ka gane, ka je ka nemi daidai inda mai ɗaukar ya tsaya, ka sake ɗauka. Dala da Gwauron Dutse ba sa motsi, su za su daidaita maka kusurwa. Ka gwada da Babban Masallaci: tsofaffin hotuna suna nuna ginin ƙasa mai doguwar hasumiya, kafin wanda aka gina a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a farkon shekarun 1950. Jera biyun gefe da gefe ya fi dogon bayani.

Laifi ne in gyara hoto, ko in sa wa tsohon hoto launi?

Ƙara haske ko daidaita karkata ba laifi. Goge wayar lantarki, ko leda, ko kwata don hoto ya yi kyau, wannan ya ɓata shi a matsayin shaida. Launin da manhaja take sa wa tsohon hoto kuwa kintace ne, tana iya mayar da baƙar riga mai shuni ruwan ƙasa. In ka yi, ka faɗa, ka kuma ajiye na asali.

Na tara hotuna da yawa. Yaya zan adana su?

Rubutu tukuna. Kowane hoto yana buƙatar kwanan wata, sunan unguwa, wace kusurwa ka fuskanta, da abin da aka gaya maka a wurin, tare da wanda ya faɗa in ya yarda a ambace shi. Ni ƙaramin littafi nake sawa a aljihu, in rubuta kafin in bar lungun, don in na bari sai dare zaurukan sukan cakuɗe mini. Hoton da ke yawo a Facebook an rubuta “Kano a da” kawai, ba shekara ba unguwa, ba ya amsa tambayar kowa, wani lokacin ma ba Kano ba ce.

Kada ka dogara da waya ɗaya. Ka kwafe a kwamfuta, ka ajiye wani kwafin a intanet, wani a wajen ɗan'uwa. Turawa ta WhatsApp a matsayin hoto tana rage ingancinsa, tana kuma share bayanan ranar da aka ɗauka, saboda haka ka tura shi a matsayin fayil. Waɗanda suka fi muhimmanci ka kai a wanke maka su a takarda, kwafi biyu. Ɗaya ka sa a ambulan nesa da danshi da gara, ɗayan ka koma da shi unguwar, ka yi sallama a zauren, ka miƙa wa mai gidan da hannu biyu.